Aikin tattara labaran fadama: inda muka kwana

18 Nuwamba 2023

Toh, aiki ya tashi da yardar Allah. Mu 'yan ƙalilan ne, yaran Hadejia da Nguru da Gashua, muka ce bari mu bi garuruwan fadama mu ɗauki muryar tsofaffi suna ba da labarin ruwa da kifi da tsuntsaye da itatuwa, tatsuniya ce ko tarihi ko camfi duk muna so. Kayan aikin ba wani abun a zo a gani bane, waya ce da 'yar rikoda da aka ara mana da fawa banki, sai mashin ɗin ɗayanmu wanda tunda aka cire tallafi kuɗin fetur ɗinsa kaɗai ya isa ya sa wa mutum hawan jini.

Abu ɗaya muka tsayar tun farko, ba za mu kulle tsoho a ɗaki shi kaɗai muna jefa masa tambayoyi ba. Dandali za a yi bayan isha'i, masunci ya zo, manomi ya zo, Bafulatani ya zo, yara su zauna a gaba. Dalili kuwa a fadamar nan fili guda mutum uku ke ci a shekara. Ruwa ya cika a yi shinkafa a yi su, ya fara janyewa a bi danshi a shuka wake da sauransu, rani ya yi shanu su sauko su ci abun da ya rage su bar taki. To wa zai ba da labarin filin shi kaɗai?

Shi kuma ruwan ba na nan bane, baƙo ne daga nesa. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Hadejia, na Jama'are kuma ya gangaro daga wajen tsaunukan Jos, sai su zo su watsu cikin tuddan rairayi tsakanin Hadejia da Nguru da Gashua kafin su sake tattaruwa su zama Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi.

9 Disamba 2023

An yi dandalin farko a wani gari a ƙasar Guri. Da la'asar muka je gaida mai gari da ɗan goronmu, nace ranka ya daɗe ga abun da ya kawo mu, ya daɗe yana kallon rikodar sannan yace "yaro, in dai ba ƙuri'a kuka zo nema ba ku shimfiɗa tabarmarku."

Sarkin ruwan garin ya buɗe. Tsoho ne tukuf amma muryar nan tana nan, hannunsa duk tabon ƙayar kurungu. Ya ba da labarin wani tafki a yammacin gari da a da ba mai jefa koma ko birgi a ciki sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe shi, yace mai tafkin na ciki, duk wanda ya yi gaggawa ya shiga kafin rana to ko dai ya fito da zazzaɓin da ba ya jin magani ko kar ya fito sam. Ranar buɗewa kuwa garuruwa ake gayyata, mutane su hau gora su jeru a baki, a yi addu'a, a faɗa gaba ɗaya, yace ranar ko marayan gari sai ya ci tarwaɗa ya bar saura.

Wani saurayi daga baya yace Baba ai wannan camfi ne. Ni dai na ɗauka za a yi masa tsawa, ashe nan daɗin yake. Wani manomi ya karɓe yace camfi ko ba camfi ba, an rufe tafkin ne saboda masu su kar su tattake wa mutane shinkafar da ke gefe kafin a yanke. Sarkin ruwa yace ƙarya ne, kifi ake bari ya girma, ka kama uwa da ƙwai a ciki bana me za ka kama baɗi. Sai Ardo da tun ɗazu bai ce uffan ba ya gyara sandarsa yace ku duka kun manta, in aka dama tafkin da wuri ya zama taɓo shanu me za su sha, ai kakanninsa da kakannin sarkin ruwa tare suke sa ranar. Can wata murya a cikin duhu tace "kuma kason sarkin ruwa ya fi tsoka in an yi su rana ɗaya." Wallahi dariya har da masu riƙe ciki, shi kansa tsohon sai da ya dara.

Liman ya rufe da cewa tsoron wani mai tafki ba shi da gurbi a addini, amma hana ɓarna da cika alkawarin maƙwabtaka wannan addini ne tsantsa. Ba wanda ya ja.

Da mun ɗauki sarkin ruwa shi kaɗai da labarin aljani kawai za mu dawo da shi. Gardamar ce ta fito da dokar da ke ƙarƙashin labarin, kuma a ganina duk su huɗun gaskiya suka faɗa, har da na cikin duhun.

6 Janairu 2024

Sanyi kam ana shan sa. Mun leƙa Dagona a ƙasar Bade saboda yanzu ne lokacin tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai su tsallako Sahara su yi hunturu a nan. Wajen yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi, kuma duk wanda ka tambaya sai ya gaya maka mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo nan a 1989, wannan labarin kam kowa na da nasa, wani ma cewa ya yi shi ya riƙe masa takalmi. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Dagona da Baturiya suka biyo a 2008. Mutanen gari ba ruwansu da wannan takardar, su dai sun san in kirinjijiya ta cika tafki da kuka to akwai ruwa ke nan.

Wani tsohon maharbi ya ba mu labarin ranar da ya harbo agwagwar ruwa ya ga zoben ƙarfe a ƙafarta da rubutun boko, yace tsoro ya kama shi ya zaci ta wani sarki ce ko ta masu asiri, ya binne zoben bai gaya wa kowa ba sai bayan shekaru wani malamin makaranta ya gaya masa masu bincike ne ke sawa don su san inda tsuntsu ke zuwa. Yace "ɗana, tun ranar nake jin nauyinsu, abun da ya yi tafiyar da ni ban taɓa yi ba ya zo garinmu baƙunta."

Abun da ya tsaya min a rai shi ne gauraka. Tsofaffi na ta kwatanta rawarta da tukkun kanta da kukanta da asuba, yaran da ke gaba sun yi tsuru, ba wanda ya taɓa ganinta. Sai da na nemo hoto a waya aka riƙa miƙawa hannu hannu. Yaron da ya san zaki da damisa daga bidiyo bai san tsuntsuwar da kakansa ke kora daga gona ba. Yanzu ganin gauraka a Najeriya ya zama abu mai wuya ƙwarai, kamu don sayarwa da lalacewar wuraren da take ƙwai sun gama da ita.

27 Janairu 2024

Na mata. Mu ba shiga, ƙanwata ce ta ɗauko da wata ƙawarta a tsakar gida ana saƙar kaba, kana jin ƙarar ta a cikin odiyon daga farko har ƙarshe.

An yi tatsuniya sosai, ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa ta zo mu ji ta. Wata Inna ta yi ta Gizo da hankaki, wadda suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, haɗama ta sa ya hana su ci, suka tsige gashinsu suka bar shi ya faɗa ruwa hannun kada. Na sha jin ta tun ina yaro amma a bakinta ɓauren na da wuri, ta faɗi sunan mashigar da yake, ta ce an sare shi shekarun baya. Wata tsohuwar tace ba a nan yake ba, can gaba ne wajen da ake haƙar kanwa. Suka yi ta yi har aka manta da Gizo a cikin ruwa.

Amma inda odiyon ya yi nauyi shi ne da zance ya juya kan yunwa. Matan nan sun riƙe lissafin abun da aka ci lokacin farin 1973 da na 1984 tiryan tiryan: bado, 'ya'yansa a shanya a daka, saiwarsa a dafa, ƙwallon goruba, aduwa, tafasa, yaɗiya. Wace ake jiƙawa kwana kafin ɗacin ya fita, wace ke sa yaro gudawa in an cika. Ƙanwata ta tambayi ɗaya, Inna wa ya koya miki, tace "'yar nan, yunwa ce ta koya wa uwata, ni kuma uwata." Maza a dandali ba wanda ya kawo wannan ko sau ɗaya, su zancensu kifi da shanu da iyakar gona.

Wani abu kuma, suna cewa "shekarar da ruwa bai zo ba" su haɗa fari da dam a magana ɗaya. Ba laifinsu bane, an gama dam ɗin Tiga a 1974 daidai lokacin da fari ke cin Sahel, abu biyu suka faɗo musu tare. Mun bar shi yadda suka faɗa, ba mu gyara wa kowa ba.

17 Fabrairu 2024

Kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan. Duk garin da muka je, ko da labarin aljanu aka fara da ita ake ƙarewa.

Mun shiga kwale-kwale ta wajen Marma don mu gani da idonmu. Ciyawar ta fi tsayin mutum nesa, dama da hagu ba ka ganin komai sai ita, hanyar da ta rage ɗan siririn lungu ne da masunta suka sassare da adda suna tsaye cikin ruwa har ƙirji, mai tuƙin yana tura gora yana nuna mana, nan gonar shinkafar babansa ce, can kasuwar kifi ake ci a da, duk ta shanye. Ga sauro, ga katantanwar da ke kawo tsargiya, ga tsuntsun jan baki da ya samu ɗakin kwana a ciki, da safe ya tashi garke guda ya sauka a gonar mutum kafin ya gama kaɗa gwangwani an gama da shi.

Yadda abun yake, a da kogin cika yake da damina ya bushe da rani, bushewar nan ita ke kashe ciyawar. Da aka yi Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, sai babbar cikowar damina ta ragu, kuma ana sako ruwa kaɗan kaɗan har cikin rani saboda noman rani da ruwan sha. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi kachalla ke so. Ta toshe mashigai, yashi da laka suka taru, ruwan ya rasa hanya sai ya kwanta inda ba a so, wasu garuruwan na kuka da ruwa ya cinye gona shekara da shekaru wasu a ƙasa na kuka ba ya iso su. Kuma ba wai ambaliya ta daina ba, kowa ya ga abun da 2022 ta yi wa Jigawa. Kogin Jama'are ne har yanzu ba babban dam a kansa, shi ya sa in ka ambaci Kafin Zaki, dam ɗin da aka daɗe ana maganar ginawa a kansa, a nan fuskar mutane ke canjawa.

Ni ba na cikin masu zagin dam ido rufe, gaskiya. Shinkafa da tumatir ɗin Kura da Kadawa da ruwan Tiga ake yin su, ni ma ina ci, kuma miliyoyin mutane a Kano ruwan kogunan nan suke sha. Amma an yi lissafin na sama ba a yi na na ƙasa ba.

To a dandalin daren ne wani abu ya faru da ba mu shirya ba. Na tambaya ko akwai tatsuniyar kachalla, aka yi shiru, wata tsohuwa daga bakin zaure tace ina za ta samu tatsuniya, ai ba ta daɗe da yin ƙarfi ba, ƙorafi kawai gare ta. Sai wani ɗan sakandare yace to mu yi mata mana. Wasa wasa aka fara, wannan ya sa baki wancan ya ƙara. Wai Gizo ne kachalla ta zo masa baƙunta tace ɗan wajen tsayawa kawai take so ƙafa ɗaya, ta ba shi toshiyar ƙwai na jan baki, shi kuma ya je ya rantse wa sarkin ruwa cewa 'yar'uwar Ƙoƙi ce kwana biyu za ta yi. Yaron na yin maganar Gizo da Hausa garau wani dattijo ya tsayar da shi yace kai Gizon wane gari ne wannan ba tsamin baki, ya karɓa ya yi masa yadda ake yi, "sayki sayki", wuri ya kaure. An yi gardama kan ƙarshenta, matasa na so a ƙone kachalla Gizo ya sha duka, tsofaffi suka ce a'a, ba a kashe abun da bai mutu ba, a bar ta a buɗe. Haka aka yi ƙurunƙus ba a rabu da baƙuwar ba.

An ce min yara a garin sun ci gaba da yin ta, har ta samu waƙa a tsakiya. Za mu koma mu ɗauko.

24 Maris 2024

Azumi, an dakata da fita, bayan tarawihi ba mai ƙarfin zama. Muna zaune muna rubuta abun da aka ɗauka, aiki ne mai cin rai, minti goma na dandali sai ya cinye maka yamma guda saboda mutum biyar na magana lokaci ɗaya ga akuya ga janareta.

Matsalar da ke gabanmu yare ne. Kaso mai yawa na abun da aka ɗauka a wajen Gashua da Badanci ne, na wajen Nguru kuma akwai Manganci da Fulatanci. Tsoho zai fara da Hausa saboda mu, labari na yin daɗi sai ya koma harshen uwarsa. Mun yanke za a rubuta kowanne da harshen da aka faɗe shi, Hausa ta zo a gefe. Muna neman masu jin Badanci da za su iya zama da mu bayan sallah.

20 Afrilu 2024

Wani ɗan'uwa da ke Damagaram ya ji abun da muke yi ya fara turo mana saƙon murya ta WhatsApp daga nasu tsofaffin, yawanci kan gawo. Mun kunna a lasifika a wani gari arewa da Nguru inda rairayi ke matsowa, aka yi shiru ana ji. Wata tsohuwa a can tana cewa gawo mai taurin kai ne, kowa ya yi ganye da damina shi ya zubar, kowa ya bushe da rani shi ya yi kore, amma taurin kan nasa ne ke ciyar da gero don ba ya tare masa rana kuma ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma awaki su samu na rani.

Sun yi bayanin sassaben zamani, wato in kana sharar gona ka ga kututture ya tofo kar ka sare duka, ka zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi ka gyara su ka bar su su tashi. A wajen Maraɗi aka fara yaɗa shi a shekarun 1980, wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka tura shi, yanzu ana maganar kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, ba tare da an dasa su daga leda ba. Wani manomi a wajenmu yace to ai kakansa ma haka yake yi, me ye na zamani a ciki. Wani ya amsa masa yace kakanka ya yi, kai fa? Gonarka ko sandar kora akuya babu. An kusa yin rigima, mai gari ya raba. Mun ɗauki amsoshinsu mun tura Damagaram, yanzu abun ya zama kai da kawowa tsakanin garuruwa biyu da ba su taɓa ganin juna ba.

25 Mayu 2024

Shamuwa ta iso, tana kan tsamiyar bakin masallaci tana ta jan kara, manoma sun fara gyaran gona. Har yau ba yaron da zai ɗaga danƙo ya harbe ta, wannan dokar dai ba ta mutu ba. A busasshen gefen tafki mun tarar da yara na haƙar gaiwa, suna bin ɗan ramin da ta bari suna tono ta daga cikin busasshiyar laka a naɗe cikin kwanson majinarta da ranta, watanni ba ruwa. Mun ɗauki bidiyo, wani yaro ya yi bayanin yadda ake gane ramin fiye da yadda ni zan iya.

Maganar da ta fi cin lokacinmu wannan watan ita ce ta wa ke da muryoyin. Sarkin ruwan nan na Guri ya aiko a tambaye mu, ina za mu kai maganarsa, kuma wa zai ci kuɗinta. Tambaya ce mai kyau, don an sha zuwa garuruwan nan da manyan motoci a yi tambayoyi a ɗau hoto a tafi ba a sake jin ɗuriyar kowa ba, wasu ma sun ɗauka wata ƙungiya ce ta ba mu daloli muke ɓoyewa. Mun koma mun zauna da shi da mai gari, nace Baba ba mai ba mu ko sisi, ga lissafin fetur ɗinmu in kana son gani. Abun da aka amince: kowane gari za a mayar musu da nasu a memori, ɗaya wajen mai gari ɗaya wajen mai cajin waya don duk mai so ya tura a wayarsa kyauta. Ba za a sa muryar kowa a intanet ba sai an kunna masa ya ji ya yarda. Matan da suka yi maganar yunwa yawancinsu sun ce a rubuta amma kar a ji muryarsu a waje, don haka ƙanwata za ta karanta nasu da bakinta.

Damina na shigowa hanyoyi za su yanke, mashin ba zai shiga ba sai kwale-kwale, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfinmu. Saboda haka mun nemi saurayi ko budurwa ɗaya a kowane gari da zai turo saƙon murya ranar da ruwan kogi ya iso mashigarsu, da ranar da ya kai gonaki, da ranar da ya fara ja da baya, mu jera su gefe da lokutan da tsofaffi suka ce yana zuwa a da. Garuruwan Guri da na wajen Nguru sun ba da nasu mutanen, na ƙasar Bade muke jira, kuma har yanzu ba mu samu mai rubuta Badanci ba.